A Ambaci Sunan Ummaru

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ni ne Sani, ɗan unguwar Mabera a Sakkwato, amma neman abinci ya ajiye ni Fatakwal.

Makon jiya na ji shirinku kan waƙar nan ta matafiyin da bai dawo ba, wadda kowa ke amsawa a gidan biki da cikin keke. Marigayi Ummaru ne ya tsara ta, ni da abokinmu Bello muke yi masa amshi.

Lokacin da ta fito, masana suka ce waƙar 'yan tasha ce, ba hikima sai kuka. Bello ya ji kunya, ya bar mu. A unguwar Gidan Igwai, gaban mutane, ya ce wa Ummaru, "Mi nic ci da wannan shirme? Kak ka ƙara sa ni ciki." Ummaru ya rasu da wannan a ransa.

Yau masanan sun juya, wai gadon Sakkwato ce. Sai ga Bello a shirinku yana cewa "waƙarmu", har kuka tashi bai ambaci Ummaru ba!

Ban hana shi rabonsa ba, muryarsa ta fi tawa daɗi, kuma ya yi wahala da mu. Amma 'ya'yan Ummaru suna sauraro.

Jama'a, ku ba ni shawara: in kira Bello, ko in bar shi da Allah? Kai kuwa mai gabatarwa, in za ka sake sa waƙar, don Allah faɗi mai ita.