Gilashin Dubu Tara

A tashar Tudun Wada, Inuwa na zaune kan benci yana jujjuya wani ɗan kwali, sai wata dattijuwa da ke gefensa ta dube shi.

"Ɗana, magani ne wannan?"

"A'a, Hajiya. Ɗan gilashin nan ne da ake ɗorawa kan ƙwayar ido. Ba inda ban taya ba a Kano. Na asibiti dubu arba'in, wani shago ya ce ashirin. Wannan ta waya na samo, dubu tara."

"Araha ba ta ado. Dubi yadda idonka ya yi jawur. Me ya hana ka sa tabarau?"

Inuwa ya yi murmushin takaici. "Shekara goma sha biyu ina aiki, ba a taɓa kuka da ni ba. Ranar da na sa tabarau mai kauri, maigidana ya ce wa zai yarda da makaho. 'Ya'ya biyar gare ni, Hajiya."

"To, da wannan kana gani?"

"Babban abu dai ina gani."

Ta sake dubansa. "Wace sana'a kake yi?"

Inuwa ya miƙe, ya zaro makullin mota daga aljihu. "Taso, Hajiya. Ni zan kai ku Doguwa."