Robar Da Na Ƙulle A Bakin Zane

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tara mu yau a falon nan na Abbasiya a ƙasar Masar, mu da muka baro gida da nisa. Baba Dattijo, iyayena mata, 'yan'uwa, salama a gare ku.

Saboda sababbin zuwa, sunana Saratu, matar Bitrus direban ofishin jakadanci, wancan da ke zaune bakin ƙofa yana yi kamar bai san abin da zan faɗa ba. Waccan kuma da ta maƙale wa farantin cincin Rifkatu ce, 'yarmu tilo. A kanta zan ba da shaida.

Muna da maƙwabci, Ammu Girgis, Kirista ɗan ƙasar nan, shi ke tuƙa jirgin ruwan shaƙatawa na wani attajiri, jirgin da ake ɗaurewa a Ma'adi, bakin kogin Nilu. Jirgi ne mai inji, da ɗakin kwana da madafa a ciki. Shi da Baban Rifkatu inji ya haɗa su. Larabcin maigidana a lokacin bai wuce na sayen burodi ba, amma in suka sunkuya kan inji sai ku rantse uwarsu ɗaya.

Da zafin shekarar tamanin da uku, mai jirgin ya sa a kai masa shi garin Minya, tafiyar kwanaki a kan Nilu. Ammu Girgis ya nemi maigida ya raka shi tunda yana hutu, ya ce a zo da iyali, a dawo ta jirgin ƙasa. Ni 'yar Zonkwa ce, ruwan da na sani bai wuce gwiwa ba. Na ce ba za ni ba. Amma zaman bene ya ishe ni, Rifkatu kuma ta sa kuka, na haƙura.

Ku da kuka san Baban Rifkatu kun san shi da shiri. Mutumin da ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Jos da Maiduguri ba ya yarda da hanya. Ya cika akwatin ƙarfe da fanbel, filtar mai, fis, tiyo, gaskit, waya, noti manya da ƙanana, har da ragowar tsohon tiyub da ya yanka. Abin da ya ba ni dariya shi ne jarkar ruwa da ya ɗauko, wai ta lagireto.

Na ce, "Baban Rifkatu, a kan kogi za mu bi, kake ɗaukar ruwa?"

Ya ce, "Maman Rifkatu, ke dai ki kula da tukunyarki."

Da muka isa Ma'adi, Ammu Girgis ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan kogin yake zuƙa ya sanyaya kansa, ta wani ɗan famfo mai baƙar roba a ciki, mai fukafukai kamar furen kabewa. Da safen nan ma ya cire tsohuwar robar ya sa sabuwa, ya jefar da tsohuwar a bakin gaɓa. Maigida ya tambaya ko akwai ta ajiya.

Ammu, wanda ke kiran maigida Usta Butrus, ya ce, "Sabuwa ce dal, ya Usta Butrus. Khalas, shi ke nan. Za ta kai mu ta dawo da mu."

Maigida bai ja ba, domin abin ba na mota ba ne, bai san halinsa ba. Duk abin da ya taɓa ba shi wahala a hanya yana cikin akwati, hankalinsa ya kwanta. Ni ma gaskiya a kan akwatin nan na ɗora zuciyata. Duk lokacin da tsoron ruwa ya taso mini sai in dube shi in ji sanyi.

Kafin mu shiga, na ga Rifkatu tana tauna wani baƙin abu. Tsohuwar robar ce ta tsinta, wai fure ne. Na fizge, ta buɗe baki za ta tara mini jama'a. Na ce to, zan ajiye miki. Na ƙulle a bakin zanena, inda muke ƙulle goro ko allura, da niyyar in ta manta in wurga a ruwa. Ita ta manta, ni ma na manta.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Dabino a gaɓa, mata na wanki, shanu na kwance cikin ruwa. Na yi tuwo a tsakiyar Nilu, Ammu Girgis ya ci da cokali yana cewa tamam, wato ya yi daidai.

Bayan mun wuce Bani Suwef, wata rana da hantsi, muka tsaya a wani tsibiri na yashi don in shanya kaya, yarinya kuma ta miƙe ƙafa. Ba kowa a wurin. Ta gabas duwatsu ne tsaye, ta yamma ruwa mai faɗi. Ina shanya sai na ji ƙarar da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ɗaga wani dutse, kunama ta harbe ta a hannu.

A gida kunama zafi ce kawai, a sha wuya a warke. Har na fara cewa ba komai. Da na dubi fuskar Ammu Girgis sai na gane akwai matsala. Ya ga kunamar, 'yar rawaya ce. Ya ce mini, "Ya Umm Rifka, irin wannan ba ta wasa da yara. Allura take so, yanzu. Yalla, mu tafi."

Ya ce akwai gari a gaba mai asibiti. Muka afka jirgi, ya ba shi wuta iya ƙarfinsa. Na rungume ta, gumi na zubo mata, yawu na dalala, jikinta na kaɗawa. Ba mu yi nisa ba sai wari ya taso daga ƙasa, warin roba mai ƙonewa. Ammu ya kashe inji da kansa.

Ciyawar ruwa ce ta toshe bakin da ke zuƙar ruwa tun muna tsibirin. Famfon ya yi ta juyawa a bushe. Da suka kwance murfin, sabuwar robar nan ta zama gutsattsari, ba fiffike ko ɗaya.

Baban Rifkatu ya zazzage akwatinsa a ƙasa. Ina kallonsa yana ɗaga abu yana ajiyewa. Ya gwada yanka tiyub, bai zauna ba. Ya ce a tayar haka nan, a riƙa zuba ruwan jarka. Ammu ya ce injin zai kama kafin mu kai ko'ina. Ruwa kuwa yana mayar da mu baya, nesa da garin, kuma ba ko kwalekwale a kusa. Zafin rana ya kori kowa.

Ban taɓa ganin mijina ya rasa abin yi da inji ba sai ranar. Ya zauna cikin tarkacensa ya ce, "Maman Rifkatu, na kawo komai. Wannan ɗaya ne ban kawo ba."

Rifkatu ta daina kuka, shirun kuma ya fi kukan tsorata ni. Idonta na juyawa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na ga kamar zan koma Zonkwa hannu wofi in gaya wa mahaifiyata na bar jikarta a ƙasar Masar.

Na durƙusa da ita a hannu. Ba wata doguwar addu'a na yi ba. Na ce, "Yesu, mun yi shirinmu ya ƙare. Ba ni da wata 'ya. Ka dube mu." Ammu Girgis yana gefe yana alamar gicciye, yana ta cewa ya Rabb, ya Rabb. Maigida ya durƙusa kusa da ni yana cewa amin.

Hawaye sun rufe mini ido, na jawo bakin zane in share. Sai wani ƙulli mai tauri ya buge ni a kunci. Zane ɗaya ne da na ranar Ma'adi. Har wanke shi na yi a hanya, ƙullin na nan ban kula ba.

Na kasa kwancewa, da haƙori na kwance. Na miƙa wa Ammu tsohuwar robar. Ya karɓa, ya juya ta, ya lanƙwasa fukafukan ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ya tsage, ga kuma sawun haƙoran Rifkatu a jiki. Ya sumbace ta ya ɗora a goshi.

Maigida ya shiga ruwa ya cire ciyawar, suka tsince gutsattsarin daga cikin tiyo, suka shafa wa tsohuwar sabulun wankina suka tura ta. Inji ya tashi. Dukanmu muka leƙa baya inda ruwa ke fita. Da farko hayaƙi ne kawai, sai ga ruwa yana tsartuwa. Na gode wa Yesu da ƙarfi, har muryata ta dawo daga duwatsun.

A hankali muka tafi, don kada robar ta ƙarasa tsagewa. Da muka isa, wani mai keken jaki ya kwashe mu zuwa asibiti. Likita ya yi mata allura, ya ce mu jira. Da la'asar ta buɗe ido. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Mama, ina furena?"

Na sha tunani a kan wannan. Ban ce shiri banza ba ne. Filaya da sifanar da aka yi aikin da su daga akwatin nan suka fito, kuma yau duk mai tafiya a ruwa maigida kan ce masa ya riƙe robar famfo ta ajiya, tsohuwar ma kada ya yar. Amma mu abin da muka taɓa gani kawai muke yi wa shiri. Wanda ba mu sani ba, Ubangiji ya riga ya shirya shi tun a Ma'adi, ya sa a hannun yarinyar da za ta bukace shi, ya ba ni ajiya ban san me nake ɗauke da shi ba. Duk kwanakin da nake duban akwati, abin yana rataye a ƙuguna.

Da aka sami sabuwa a Minya, Ammu Girgis ya cire tsohuwar ya kawo wa mai ita. Ga ta nan, ku miƙa wa juna ku gani, amma ku dawo da ita, don Rifkatu tana kallonku.

'Yan'uwa, in akwai wanda ya zo yau ya zazzage akwatinsa bai sami abin da yake nema ba, kada ya karaya. Ya durƙusa ya faɗa wa Yesu. Na gode masa da ya bar mini 'yata, yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.