Taɓaryar Sodangi

A gefen Hubbare wata tsohuwa mai fura tana kirɓi, sai wani matafiyi ya tsaya yana kallon hannunta.

"Inna, ina kika samo wannan?"

"Taɓaryar? Ta babana ta. Da ita yad dawo daga Amurka, zamanin Turawa."

"Ai ba taɓarya ba ce. Sandar besbol ce, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda. Ga ma suna an sassaƙa, Sodangi."

Ta dakatar da kirɓin.

"Sunanshi ke nan. Ashe akwai wasan? Kullum faɗi yakai dukan ƙwallo da sanda anka riƙa biyanshi albashi."

"Kuka ce masa me?"

"Cewa munka yi iskoki sun taɓa shi. Ɗan nan, har yar rasu muna ba shi rubutu yana sha."