Wanda Ke Saman Tari

A shagon littattafai na tashar jirgi a Osaka, tsoho Kuroda ya saci jiki ya ɗora littafin labarin zane a kan tarin littattafan wani kamfani dabam. Wata mata ta gan shi.

"Dattijo, ba nan ne wurinsa ba."

"Hannuna ne ya kuskure."

"Kwana huɗu a jere?"

Kuroda ya sunkuyar da kai. "Ɗana ne ya zana. Kamfaninsu ya ce in bai sayu ba watan nan, sun daina bugawa. Amma ke ya aka yi kika ƙirga kwanakin?"

Ta daɗe tana gyara jakarta.

"Wanda kake rufewa na 'yata ne. Kullum kana fita, sai in cusa na ɗanka can ƙasa."