Labulen Sabon Muhalli

A shagon mai labule, wani dattijo sanye da rigar kamfanin sabulu yana ta jujjuya yadi, bakinsa har kunne. Matar da ke jiran a yanka mata nata ta dube shi.

"Baba, tarewa za a yi ne?"

"Da yardar Allah, 'yata. Manajanmu ya ce kamfani ya rungumi tsarin kula da muhalli. Na tsufa a gidan haya, yau dai an tuna da mu."

"Gidaje ya ce za a raba?"

"Muhalli ya ce. Muhalli ba gida ba ne?"

Matar ta ce, "Mu ma an kawo tsarin masana'antarmu bara. Ruwan dattin da muke saki a kwata aka fara tacewa, aka rage hayaƙi, aka daina barin inji yana shan wuta a banza."

"To ai manajanmu ya ce za a samu riba, ina ribar?"

"Kuɗin wuta ya ragu, hukuma ta daina cin mu tara, manyan dillalai suka fara sayen kayanmu."

Kan dattijon ya ɗaure. "Tsaya, 'yata. Wato kwata za a kula da ita, ba ni ba?"

"Ai iskar da kake shaƙa ma muhalli ce, Baba."

Ya ajiye yadin a hankali.

"Na riga na gaya wa mai gidan zan tashi, iyalina ta ɗaure kaya tun jiya. Yanzu in je in ce mata a iska za mu tare?"