Igiyar Baba Audu a ranar godiya

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara, daga wani ƙauye kusa da Wagini.

Maƙwabtanmu Kiristoci ne. Duk kaka sukan kai dammunan gero coci don gode wa Allah. Bana 'yan bindiga sun hana su zuwa gona, sun kore musu shanu. Ran Lahadi na je yi musu jaje, sai na iske mata suna buga tulu, ana waƙa ana rawa.

Baba Audu, dattijon da bai girbe ko zangarniya ba, ya taso yana rawa da igiyar ɗaure dami a hannu. Da suka fito na ce, "Baba, igiya kawai?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, ai da raina na zo. Baɗi Ubangiji zai cika ta."

Na faɗa wa maigidana, ya ciro dami daga rumbunmu ya kai masa. Tsohon nan da ba shi da tuwon dare ya yi godiya, ya ɗaure shi da igiyarsa, ya nufi coci yana waƙa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Yaya za mu ba Baba Audu hatsi ya ci?