Tambarin da ke Cikin Jaket

A kasuwar Derb Ghallef ta Kasablanka, wani dattijo mai dogon gashi da wata budurwa suka kai hannu tare kan kaset ɗaya da ya rage na wata ƙungiyar kiɗan metal, kiɗan nan mai ƙarar jita.

"Sakar mini, 'yata," in ji dattijon. "Ƙungiyar nan ta mutu tun ranar da suka canza mawaƙi."

"Haba Baba! Ai ba su taɓa yin kaset kamar wannan ba."

"Da wannan muryar kamar tsohuwar ƙofa? Ranar da ya fito, reza na sa na farke tambarinsu daga bayan jaket ɗin nan."

"To me za ka yi da shi?"

"Kunnenki nake tausayi. Musamman waƙa ta huɗu, inda jita ke yin tsit, mawaƙin ya ja muryar nan sama, sama..."

Ya lumshe ido, ya ɗaga hannuwa, jaket ɗin ta buɗe.

Ta fashe da dariya. "Baba, wannan tambarin da ke ɗinke daga ciki, daidai ƙirji fa?"

Ya yi maza ya rufe. "Cewa na yi na farke. Ban ce na yar ba."

Ta sakar masa kaset ɗin.